Man kuloci na raguwa, feda ta yi laushi: ina yoyon yake, kuma yaya ake fitar da iskar?

Wani direba da ke jigilar kaya tsakanin Garwa da Ngaundare a arewacin Kamaru da tsohuwar Hilux mai shan dizal ne ya kawo tambayar. Ya ce man kulocinsa na raguwa, kusan duk mako sai ya ƙara. Feda ta yi laushi, da safe giya ɗaya da ribas ba sa shiga sai ya tattaka sau uku ko huɗu. Sau biyu ana fitar masa da iska a gareji, motar ta yi lafiya 'yan kwanaki sannan ta koma gidan jiya. Yana son sanin abin da ya lalace da yadda zai yi aikin da hannunsa.

Malam, fitar da iskar da aka yi maka lallaɓawa ce kawai, ba a taɓa ciwon ba. Man kuloci ba ya ƙonewa kamar man inji, hanyarsa rufaffiya ce. A mota irin taka da kuloci ke da kofin mansa daban, ko farantin kuloci ya cinye man ba ya sauka, sai ma ya ɗan hau. Saboda haka in ka ga yana raguwa, akwai inda yake fita, kuma ta wannan kafar iska ke shiga duk lokacin da ka ɗaga ƙafa. Ko sau goma aka fitar da ita za ta dawo muddin kafar na nan.

Kayan ba su da yawa. Akwai kofin mai a ƙarƙashin bonet kusa da na birki. Akwai famfon sama, wanda masu kayan gyara a nan ke kira emeta, yana manne da bangon da ya raba inji da mazaunin direba, sandarsa na haɗe da feda. Daga shi bututun ƙarfe ya sauka, ya haɗu da guntun tiyon roba, ya ƙare a famfon ƙasa, wato resepta, da ke gefen giyabos yana tura cokalin kuloci. Man da taku ɗaya ke turawa bai kai cokalin shayi biyu ba. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka ƙwayar iska kaɗan ta isa ta shanye rabin takun kafin famfon ƙasa ya motsa. Abin da ya sa tattakawa ke taimaka maka da safe ke nan: kana matse iskar ne na ɗan lokaci.

Neman yoyon daga cikin mota ake fara shi, wurin da yawancin mutane ba sa dubawa. Ka ɗauki tocila, ka kwanta ka leƙa saman fedar kuloci inda sanda ta shige bango. In robar da ke wurin ta jiƙe, ko ka ga sawun mai ya gangaro, ko fenti ya kumbura yana ɓarewa, ko tabarmar ƙafa na santsi a ƙarƙashi, robar bayan famfon sama ta mutu. Wannan yoyon ba ya ɗiga a ƙasa, shi ya sa direba zai rantse motarsa ba ta zubar da komai. A wasu Land Cruiser da kulocinsu ke da busta irin ta birki, man cikin bustar yake taruwa, sai an kwance famfon an ja shi gaba kaɗan ake ganin jiƙar a bayansa.

Daga nan ka shiga ƙasa. Ka sa dutse gaba da bayan taya, in kuma ka ɗaga motar kada ka kwanta a ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Ka kama robar ƙurar da ke bakin famfon ƙasa ka ja ta baya da yatsa. Cikinta ya kamata ya zama a bushe. In mai ya tsiyayo, ko ka tarar da baƙar laka mai danshi, famfon ƙasa ne. A wannan yanki shi ya fi saurin mutuwa, domin yana zaune kusa da zafin inji da salansa, yana shan ƙurar hunturu, da damina kuma yana nitsewa a ruwa da taɓo. Da zarar robar ƙurar ta tsage, yashi ya shiga ya goge cikin silindar, an gama.

Ƙurar ma tana da ranarta a nan. Ka wanke famfunan da bututun da ruwa da sabulu, ka bari su bushe, ka yi tafiyar yini ɗaya a kan turɓaya. Duk inda mai ke tsattsafowa ƙura za ta manne ta yi baƙin tabo, sauran wurin kuwa ja ko fari a bushe. Ka bi bututun ƙarfen da ido tun daga sama, musamman inda ɗan maƙalinsa ya karye yana gugar shasi. Hanyoyi irin ta Mora zuwa Kusiri suna yawan jawo wannan. Tiyon roba kuma sai ka sa yaro ya taka feda ya riƙe kana kallo. In ya kumbura a wuri guda, ko ya jiƙe a inda roba ta haɗu da ƙarfe, a canza shi. Tiyo mai kumbura yana sa feda laushi ko da bai fara zuba ba. Kada ka manta da notin fitar da iskar kansa, ɗan notin da ke jikin famfon ƙasa, tunda an taɓa shi sau biyu: in an ɗaure shi da ƙarfin tsiya bakinsa na lalacewa ya riƙa tsattsafo.

In abin da ke ɗiga daga ƙasan kwandon da ya haɗa inji da giyabos yake fitowa, sai a tantance ko wane mai ne. Man inji baƙi ne a motar dizal, man giyabos kauri gare shi da wari mai ƙarfi, man kuloci kuwa, wanda man birki ne, ba shi da kauri kuma ruwa na wanke shi daga yatsa nan take. A Hilux ta da, man kuloci ba shi da hanyar shiga kwandon. Amma a motoci da yawa na baya-bayan nan famfon ƙasa na cikin kwandon ne, haɗe da boris ɗin kuloci, yana zagaye da sandar giyabos. Irin wannan in ya yi yoyo babu dabara, sai an sauke giyabos, kuma in man ya jiƙa faranti shi ma sai an canza shi.

Akwai kuma yoyon da ba a gani, wanda man ba ya raguwa ko kaɗan. Robar gaban famfon sama ce ke gajiya, mai ya riƙa sulalewa ta gefenta ya koma kofi. Gwajinsa mai sauƙi ne. A fili inda babu kowa a gabanka, ka tada mota, ka taka kuloci har ƙasa, ka sa giya ɗaya, ka riƙe kamar rabin minti ƙafar dama na kan birki. In ka ji inji ya fara nauyi, mota na neman jan jiki alhali ba ka ɗaga ƙafa ba, famfon sama na sakin matsi. Masu tsayuwa a layin gadar Ngeli tsakanin Kusiri da Injamena sun san wannan, giya ta shiga lafiya amma bayan ɗan jira ta ƙi fita. Wani gwajin shi ne a matse tiyon roba da abin matsewa mai zagayayyen baki wanda ba zai yanka shi ba, sannan a taka feda da hannu a hankali. In famfon sama lafiyarsa ƙalau kuma babu iska a cikinsa, feda za ta ƙame kusa da sama. In ta ci gaba da nitsewa sannu-sannu, shi ne mai laifi. In ta ƙame, matsalar na ƙasa da inda aka matse.

Wani lokaci ba laifin mai ba ne sam. Ka sa a taka feda kana kallon sandar famfon ƙasa. In tana tafiya sosai, kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma tana tsayawa ba ta komawa, amma giya na ƙara in inji na aiki, to a nemi matsalar a cikin kwando: cokali ya tsage ko ya lanƙwashe, faranti ya maƙale a kan haƙoran sandar giyabos, ko ƙaramin boris ɗin tsakiyar fulawil ya kama. Haka fil ɗin da ya haɗa feda da sanda, in raminsa ya cinye ya zama kamar ƙwai, yana cin taku sosai.

Game da gyara, ra'ayina a canza famfunan biyu tare in aljihu zai ɗauka. Shekarunsu ɗaya, man da suka sha ɗaya ne, kuma sau da yawa sabon ɗaya kan fito da raunin tsohon cikin 'yan makonni. In robobi kaɗai za ka saya, ka fara duba cikin silindar da haske. In akwai zane da farce ke kamawa, ko ramukan tsatsa, sabuwar roba ba za ta yi wata guda ba. Silindar baƙin ƙarfe ana iya goge ta sama-sama da takardar yashi mai laushi ƙwarai, ta alminiyam kuwa ba a taɓa ta, gogewa na cire taurin fuskarta. Wajen wankewa ake yawan ɓarna. Fetur, kananzir da dizal duk suna kumbura irin wannan robar, saboda haka da sabon man birki ko sifirit kaɗai ake wanke kayan ciki. A shafa wa roba man birki kafin a sa ta, leɓenta ya fuskanci ɓangaren da matsi yake, wato gaba. Ka je kasuwa da tsohon famfon a hannu, domin faɗin silinda ya bambanta ko a tsakanin Hilux da Hilux, kuma in faɗin bai dace ba feda za ta yi tauri ko kuma taku ya gaza.

Man da ake zubawa man birki ne, DOT 3 ko DOT 4, ka duba abin da aka rubuta a murfin kofin. Su biyun suna haɗuwa da juna, haka DOT 5.1. DOT 5 kuwa na silikon ne, ba ya haɗuwa da su. Koren man LHM na tsofaffin Citroën, jan man sitiyari da man inji duk ba sa shiga nan. Ɗan kaɗan ya isa ya kashe kowace roba a layin, har sai an canza komai an wanke bututu. In kana shakkar abin da aka sayar maka, ka ɗiga shi a kofin ruwa: man birki na gaske zai narke a ciki, man inji da danginsa za su taso sama. Ka sayi gora mai hatimi, ka ƙyale wanda ake aunawa a buɗe a bakin tasha, domin man birki yana zuƙar danshin iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa ma'aunin na sauka zuwa wajen 155. Na DOT 3 daga 205 ne zuwa 140. Ruwan nan shi ke cin silinda da tsatsa daga ciki. Duk shekara biyu a canza man gaba ɗaya, da wuri ma in ya yi baƙi.

Yanzu fitar da iskar. Kana bukatar rabin lita na sabon mai, tiyo mai ganin ciki kamar rabin mita wanda zai kama kan notin iskar ƙam, gorar ruwa da babu komai a ciki, sifana mai zobe lamba 8 ko 10 gwargwadon notin, tsumma, da mutum ɗaya mai jin magana. Ka goge bakin kofi kafin ka buɗe don kada yashi ya faɗa. Ka zuƙe tsohon man da sirinji, ka cika da sabo. In famfon sama sabo ne, gara ka cika shi tun kafin ka ɗaura bututu: ka toshe bakin fitar da yatsa, a tura fistin a hankali kana sassauta yatsan, ka toshe kafin a saki, har mai ya fara fitowa babu kumfa. Famfon da aka ɗaura a bushe kan sa mutum ya yi ta taka iska awa guda.

Ka sa sifana a kan notin tukuna, sannan ka cusa tiyo, ɗaya bakin ya nutse cikin ɗan mai a gindin gora. Ka ce wa mataimakinka ya taka a hankali sau uku, kowane taku ya bar feda ta dawo sama sosai, a na ƙarshe ya riƙe a ƙasa ya ce «na riƙe». Sai ka kwance notin kwata ko rabin zagaye. Mai da kumfa za su fito. Ka ɗaure, sannan ka ce «saki». A nan ake yawan ɓata aikin: in ya saki kafin ka ɗaure, iskar da ka fitar ta koma. Sau da yawa feda ba ta tasowa da kanta bayan an buɗe notin, wannan ba wata matsala ba ce, ya ɗago ta da hannu a hankali, a jira daƙiƙa uku ko huɗu famfo ya sake sha daga kofi. Kada ya yi ta dukan feda da sauri irin yadda yaran gareji ke yi, hakan na farfasa iskar ta zama ƙananan kumfa da ke gauraye da mai su ƙi fita. Kofin kuloci ƙarami ne, bayan kowane buɗewa uku ka leƙa ka ƙara. In ya ƙafe sau ɗaya an koma farko. Ana ci gaba har man da ke bin tiyo ya zama garau babu ko ƙwayar kumfa. Wajen ɗaurewar ƙarshe a yi da yatsu biyu a kan sifana, notin ƙarami ne mai rami a ciki, ƙarfin da yake so bai wuce wajen Nm 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri ba. A mayar masa da hularsa ta roba.

Kuloci ya fi birki taurin kai a wannan aikin, kuma dalilin a fili yake. Bututunsa a tsaye yake daga sama zuwa ƙasa, kai kana tura iska ƙasa ita kuma tana son hawa. Tsakanin taku da taku sai ta koma inda ta fito. In ka yi ta yi feda ba ta zo ba, ka daina wahalar da yaron, ka bi iskar ta inda take so. Ka rage man kofi ya koma rabi, ka cika babban sirinji mai cin mililita 50 ko 60 da sabon mai, ka haɗa shi da tiyo, ka tura man har bakin tiyon don kada iska ta rage a ciki, ka cusa a kan notin, ka kwance, ka tura a hankali daga ƙasa. Feda na sama, babu mai taɓa ta. Wanda ke tsaye a bonet zai ga kumfa na tasowa a kofi, ya riƙa zuƙe abin da ya yi yawa kada ya malala a kan fenti. Sirinji biyu ko uku kan wadatar. Tsofaffin makanikan Peugeot 504 suna yin irin wannan da birkin motar: tiyo daga notin iskar birkin gaba zuwa na famfon ƙasa, a taka birki a hankali. Yana aiki, amma sai man birkin mai tsabta ne, kuma ido na kan kofin birki kada ya ƙafe.

Wata dabarar ita ce a kwance famfon ƙasa daga giyabos ba tare da an cire tiyonsa ba, a riƙe shi bakin da tiyo ya shiga na kallon sama, a tura sandar ciki da hannu har ƙarshe a hankali, a bar ta ta dawo, sau goma ko fiye. Iskar da ta maƙale a cikinsa za ta haura zuwa kofi. Sharaɗi ɗaya: muddin famfon na kwance kada kowa ya taka feda, fistin zai yi tsalle ya fito man ya zube. Ka kuma lura da inda notin iskar yake in an ɗaura famfon. Dole ya zama a sama da bakin tiyo. In an sayo famfon da ba na motar ba notin ya koma ƙasa, iskar ba za ta taɓa fita ta nan ba. Ɗan ƙwanƙwasa bututu da bayan sifana yana taimaka wa kumfar da ta lafe a lanƙwasa.

Ga masu motar da kuloci da birki ke shan kofi ɗaya, bakin da kuloci ke sha a sama yake, an yi haka ne don yoyon kuloci kada ya ƙarar da man birki. Kofin zai nuna akwai mai alhali kuloci na zuƙar iska, saboda haka a cika shi har baki lokacin aikin, a rage bayan an gama. A irin wannan motar raguwar mai na iya zama cinyewar takalmin birki ne ko yoyon birkin kansa, sai a duba shi kafin komai.

Saura saitin sandar famfon sama, wanda ake yawan mantawa bayan an canza shi. A yawancin Toyota irin taka, in ka taɓa feda da yatsa ya kamata ta yi wasan milimita 1 zuwa 5 kafin sanda ta taɓa fistin, wasan feda gaba ɗaya kuma 5 zuwa 15 kafin ka ji nauyin kuloci. Wasu makanikai na tsawaita sandar don su ɓoye laushin feda. Illar ita ce fistin ba ya komawa ƙarshe, sai ya rufe 'yar kafar da mai ke komawa kofi ta cikinta. Da safe ba za ka ji komai ba. Amma a zafin Afrilu, da kaya a baya, kana hawan dutsen Ngaundare, man zai yi zafi ya buɗe ya rasa hanyar komawa, ya riƙa danne kuloci da kansa, faranti ya fara sulɓi yana ƙauri. In hakan ta faru ka tsaya ka kwance notin iska kaɗan ba tare da an taka feda ba. In mai ya yi tsartuwa da ƙarfi kuma sulɓin ya ɗauke, sandar ce ta yi tsawo, a rage ta.

Bayan an gama, ka wanke duk inda mai ya taɓa da ruwa, tsohon man kuma a ajiye shi nesa da yara da dabbobi, guba ne. Ka tada mota, ka taka kuloci, ka ƙirga uku, ka sa ribas. Ya kamata ta shiga babu ƙara, kuma kuloci ya fara kamawa bayan feda ta taso aƙalla milimita 25 daga ƙasa. In yana kamawa dab da tabarma, akwai sauran iska. Ka ja layi da alƙalami a jikin kofin daidai inda man ya tsaya, ka duba shi kullum da safe na mako guda, ka kuma sake jan robar ƙurar famfon ƙasa ka leƙa bayan tafiyar farko zuwa Ngaundare.